Ƙofar da Ba Ta Tambaya

Shekarun baya, lokacin ina ɗalibar ilimin kwamfuta a Villeurbanne, kusa da Lyon, makarantarmu ta tura mu aikin koyo na wata shida, abin da muke kira istaj. Ni na samu wuri a Paris, a wani ƙaramin kamfani mai ajiye wa mutane shafukansu na intanet. Mu bakwai ne duka, a hawa na biyar na wani tsohon gini, aka ba ni tebur a jikin taga. Har yau ina ganin a nan aka fara kuskure. Tun ina yarinya a Damagaram mahaifiyata take cewa in za a aike ni sayen gishiri sai an haɗa ni da mai tuna mini hanya, don gajimare ɗaya ya isa ya tsayar da ni a tsakiyar titi. To a wannan taga ga rufin gidaje mai launin toka har iyakar gani, ga bututun hayaƙi a jere kamar tuluna, ga tantabaru da ba su da aikin yi sai kallona.

Bari in gaya muku irin aikin, a taƙaice. Duk sunan shafi da kuke rubutawa a saman allo yana da wasu 'yan layuka a bayansa da ba kowa ke gani ba. Layi ɗaya yana cewa, mai neman shafin nan, ga na'urar da zai je. Wani yana cewa, wasiƙun da aka aiko wa sunan nan, ga inda za a kai su. Ana kiran layukan bayanan DNS. Ba su da yawa, amma in ɗaya ya ɓace, sai sunan ya zama kamar gidan da aka cire wa lamba. Kamfanin yana gina sabon shafi ne inda kowane abokin ciniki zai shiga ya duba layukansa, ya ƙara, ya gyara, ya goge, ba sai ya kira mu ba. Ni kuma aka ba ni rubuta hanyoyi. Wato in jera kowane adireshi na cikin shafin, in faɗi abin da zai faru in mutum ya iso gare shi. Wannan adireshi ya nuna maka sunayenka. Wancan ya nuna layukan suna guda. Na gaba ya buɗe wurin ƙara sabon layi. Haka dai.

Aikin ya shiga raina sosai, don tun ranar farko ban ga adireshi ba, gidanmu na gani. Na buɗe kayena, littafin da nake rubutu a ciki, na zana shi. Wurin sa kalmar sirri ya zama zaure. Jerin sunaye ya zama tsakar gida, har da bishiyar lemun tsami da ke kusa da randa. Kowane suna ya samu ɗakinsa, layukansa kuma suka zama kayan ɗaki, na kwafe su ɗaya bayan ɗaya da rubutu mai kyau kamar wadda za ta kai gasa. Shugabata, wata Bafaransa mai furfura da ba ta cika dariya ba, ta leƙo ta ga zanen. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan kuma mene ne?"

Na ce, "Rumbu ne, Madam. Nan ake ajiye tsofaffin bayanai."

Ta ce, "To. Muddin rumbun yana aiki."

A ranar ce ta jawo kujera ta zauna kusa da ni ta yi mini bayanin da ya kamata in riƙe. Ta ce hanyoyi iri biyu ne. Akwai ta leƙe, wadda ake kira GET, ita ce ake bi duk lokacin da mutum ya latsa mahaɗi kawai. Akwai ta aiki, wadda ake kira POST, ita kuma sai mutum ya cika wani abu ya aika da niyya. Ta buga yatsa a tebur ta ce, "Hanyar leƙe ba ta taɓa komai. Ko sau dubu aka bi ta, a tarar da kaya yadda aka bar su. Kin ji?" Na ce na ji. Kuma kunnena ya ji. Sai dai a daidai lokacin ruwa ya fara sauka a kan rufin da ke fuskantarmu, ni kuma ina neman kalmar da za ta dace da ƙararsa don in rubuta a gefen kaye.

Yanzu sai in kawo muku Kawu. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun da na sauka ƙasar. Ya fara da aikin masana'anta a Saint-Fons, daga baya ya buɗe shago a cikin Lyon, yana shigo da riɗi da aya da zoɓo. Da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Mutum ne mai doguwar gaisuwa. In ya kira ni a waya sai ya tambayi lafiyata, da gajiya, da aiki, da Madam, da mutanen ofis, har tantabarun taga sai ya ce a gaishe su. Shagonsa yana da sunan shafi da akwatin wasiƙa na intanet, waɗanda yake alfahari da su ƙwarai. Da aka ce ana neman mutum biyar da za su fara gwada sabon shafinmu, ni na roƙa aka sa shi, na dawo da sunan shagonsa wurinmu da hannuna, na ba shi ɗakinsa a zanena, na kwafe layukansa.

A shekarar ne idon mahaifiyata ya tsananta. Yanar ido ta rufe ɗaya, ɗayan ma ya fara dusashewa, ga kuma wata matsala a cikin idon da likitocin can suka ce gara a duba a waje. Ta daina saƙa. Ta daina tsince shinkafa da kanta. A waya takan ce mini, "Ina ganinki a zuciya, ya ishe ni." Kawu ya yi ta zirga-zirga wata da watanni har wani asibiti a Lyon ya yarda ya karɓe ta. Abu ɗaya ya rage: takardar asibitin mai ɗauke da ranar aiki, wadda sai da ita za a karɓi takardun bizarta a Yamai. An ba ta randebu, wato lokacin da za ta je ofishin biza, ranar wata Alhamis cikin watan Agusta. In ta rasa shi, sai an sake jiran wani, ranar aikin kuma ta wuce. Asibitin ya ce zai aiko da takardar farkon makon, ta akwatin wasiƙar shagon Kawu, don shi ne adireshin da ke cikin fayil ɗinta.

Wanda ya san Paris ya san Agusta. Gari ya watse, masu burodi sun rufe, kowa ya tafi hutu. Madam ma ta tafi bakin teku, ta bar ni da abokin aiki guda wanda ba ya cire abin jin kiɗa daga kunnensa. Mako guda kafin randebun, ranar Alhamis, na kai hanya ta ƙarshe, ta goge layi. Yin ta yadda ya kamata yana buƙatar ƙarin shafi da zai tambayi mutum ko ya tabbata, sannan a aika ta hanyar aiki. Ni kuma ina ɗokin in ga gidan ya kammala. Na ce a raina bari in sa ta a hanyar leƙe tukuna, ɗan mahaɗi kawai a gefen kowane layi, Litinin in gyara. Wa zai taɓa ta kafin Litinin? Na ɗora aikin, na aika wa Kawu saƙo na ce gidan da nake ba shi labari ya ƙaru, ga mabuɗinsa.

Litinin ta zo, ban gyara ba. Na manta sarai.

Abin da na lura da shi kawai shi ne wayar Asabar. Kawu ya kira, ya ce, "Uwata, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "To madalla. Sai anjima." Babu Madam, babu mutanen ofis, babu tantabaru. Na tsaya da wayar a hannu ina mamaki, sai na ce wataƙila zancen tafiyar ne ya cika masa kai.

Mahaifiyata kuwa ta riga ta kama hanya. Ƙanwarta ta rako ta, suka yi wuni guda cur a mota daga Damagaram zuwa Yamai, suka sauka gidan 'yan uwa suna jira. Litinin shiru. Talata da safe na kira Kawu na ce ko takarda ta zo. Ya ce ba ta zo ba. Na kira asibitin. Matar da ta ɗauka ta duba ta ce an aika tun jiya da safe. Na roƙe ta ta sake aikawa ta nawa adireshin. Ta ce da ladabi ba za ta iya canza adireshin mara lafiya ta waya ba, sai wanda sunansa ke cikin fayil ya zo da kansa da katin shaidarsa, kuma mai kula da irin waɗannan takardu sai gobe da rana take shigowa. Gobe da rana, Laraba ke nan. Randebu kuma Alhamis da sassafe.

Na sake kiran Kawu. Na ce, "Kawu, ban da ta asibiti, wasu wasiƙun suna shigowa?"

Ya yi gyaran murya. Sannan ya ce, "Tun Juma'a dai ban ga ko ɗaya ba. Na ce ko mutane ne suka tafi hutu."

Na buɗe ɗakin sunan shagonsa a allona. Layuka shida. Na jawo kaye na buɗe zanen. Bakwai. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wanda babu shi ne mai gaya wa duniya inda za a kai wasiƙu.

Na'urar da shafin ke kai tana rubuta sawun duk wanda ya shigo, da hanyar da ya bi, da lokacin. Na buɗe wannan rubutu na koma ranar Juma'a. Ga Kawu nan, ya shigo bayan an sauko daga masallaci. Ya bi zaure. Ya shiga tsakar gida. Ya buɗe ɗakinsa. Ya buɗe wurin ƙara layi, bai ƙara komai ba, ya fito. Ya buɗe wurin gyara, bai gyara komai ba, ya fito. Bai tsallake ko ƙofa ɗaya ba, yana bin su a jere daga sama zuwa ƙasa, kuma tsakanin kowace ƙofa da ta gaba akwai kusan minti ɗaya, abin da ban gane dalilinsa ba a lokacin. Sai ƙofa ta ƙarshe. Ya latsa. Ba ta tambaye shi komai ba, ta yi abin da na rubuta mata. Bayan nan minti bakwai babu motsi. Sannan ya fita, bai sake shigowa ba.

Waɗannan mintuna bakwai su suka sa ni kuka, ba layin da ya ɓace ba. Na hango shi zaune gaban allo, tabarau a kan hanci, yana ƙirgawa yana sake ƙirgawa.

Abokin aikina ya cire abin kunnensa, karo na farko a wata biyar, ya miƙo mini waya ya ce in kira Madam. Ta ɗauka, ina jin iska da ihun yara a bayanta. Na gaya mata komai, ban rage ba. Na jira faɗa. Sai ta ce, "Kina da abin da ke rubuce a layin?"

Na ce, "Yana cikin kayena."

Ta ce, "Cikin rumbu?"

Na ce, "A'a, cikin ɗaki."

Ta ce, "To mayar da shi yanzu, ina kan layi. Kuka kuma ki ajiye shi sai an tashi aiki." Na kwafe shi harafi bayan harafi. Ta sa na rufe waccan ƙofa gaba ɗaya, na duba sauran mutum huɗun, babu wanda ya taɓa tasa. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce na'urorin da ke kai wasiƙa ba sa fushi da wuri. In sun zo ba su sami wurin ajiyewa ba, yawancinsu sukan riƙe wasiƙar, su dawo bayan ɗan lokaci su sake gwadawa, har kwanaki. "Wataƙila takardarki tana hanya tana jira. Wataƙila kuma an riga an mayar da ita. Ba zan yi miki alkawari ba. Ki hau jirgi ki je wurin kawunki, in ba ta zo ba ku tafi asibitin da ƙafarku."

Laraba da sassafe na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Awa biyu ne, kuma karo na farko a rayuwata na zauna jikin taga ban ga komai ba. Abin da nake juyawa a rai shi ne yadda zan buɗe zancen. A gidanmu yaro ba ya ce wa babba ka yi kaza. Kuma ni na san ba shi ya yi ba, amma na san shi yana ganin shi ya yi.

Na tarar ya buɗe shago, ya share gaba, ya ɗora shayi. Kwamfutar tana kan teburinta a kusurwa, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar mara lafiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon butar shayi. Ƙamshin zoɓo da citta ya cika wurin. Na buɗe baki na ce, "Kawu, akwai wani kuskure da na..."

Ya ɗaga hannu. "Tsaya, Uwata. Bari in faɗa, ya kwana biyar a maƙogwarona. Ni na ɓata miki aiki."

Ya ce da ya ga saƙona ranar Alhamis, daɗi ya hana shi zama. Da aka idar da sallar Juma'a sai ya gayyato abokansa huɗu, ya ce su zo su ga gidan da uwarsa ta gina a Paris. A wurinmu ai in mutum ya gama sabon gida ba ya shiga haka kawai. Yakan kira manya ya zaga da su ɗaki ɗaki, a buɗe kowace ƙofa, a yi bismilla, a roƙi Allah ya sa albarka, kuma ba a barin ko ɗaki ɗaya, ko da na ajiye gawayi ne. To haka suka yi. Suka ja kujeru suka kewaye allon. Kawu ya buɗe ƙofa, su ɗaga hannu su yi addu'a, su shafa, ya buɗe ta gaba. Minti ɗayan da na gani tsakanin sawu da sawu ke nan.

"Da na taɓa ta ƙarshen," in ji shi, "sai na ga allon ya ƙifta, layi ɗaya babu. Na ce wayyo, na fasa wa yarinyar nan kaya a gaban mutane. In na gaya miki, ki gaya wa Madam, su ce danginki sun shigo sun yi ɓarna, su kore ki. Na ce bari in yi shiru, wataƙila ya dawo da kansa. Wallahi ban san shi ne mai riƙe da wasiƙu ba. Da na sani..." Bai ƙarasa ba. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

Na ce, "Kawu, ba ka fasa komai ba. Ni na gina ƙofar da in an buɗe ta kawai take zubar da kaya. An gaya mini kada in yi, na yi. Ko Madam ce ta latsa, haka za ta yi mata."

Ya ce, "A'a, hannuna ne ya taɓa."

Na ce, "Hannuna ne ya rubuta."

Ya ce, "Ke yarinya ce, ni ne babba."

Na ce, "Ai ni ce uwarka."

Ya dube ni, bakinsa ya fara motsi, yana son ya yi dariya yana jin bai kamata ba. Muna cikin haka sai ga ɗaya daga cikin abokan nan huɗu, wani Alhaji mutumin Maraɗi mai shagon yadi a gefe, ya yi sallama ya shigo da kofinsa a hannu, don ya san lokacin shayi. Ya gan ni ya ce, "A'a, injiniya da kanta! Mun ga gida, ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Sai dai ɗaki guda da muka yi wa addu'a, albarkar ta yi masa yawa ya tashi sama."

Kawu ya juyo da sauri. "Au, ka gani?"

"Na ƙirga bakwai, na koma na ƙirga shida. Na dubi fuskarka na ga kamar an ce maka kwantena ta nutse a teku. Na ce to, ni ban ga komai ba. Sauran ma duk sun gani. Kai kaɗai ne ba ka san mun gani ba."

Nan dariyar ta ƙwace wa Kawu, har ya dafa buhun aya. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Amma agogo na tafiya. Na yaye ƙyallen na kunna kwamfutar. Wasiƙu sun fara shigowa tun jiya da yamma, ga ta mai sayen riɗi, ga tallace-tallace barkatai da ban taɓa murnar gani ba sai ranar. Ta asibiti babu. Muka sha shayi na farko. Babu. Na biyu. Babu. Kawu ya shiga ciki ya sako babbar riga, ya sa katin shaidarsa a aljihu, ya ce mu tafi mu zauna a ƙofar ofishin matar har ta zo. Alhaji ya ce zai tsare masa shago. Na rataya jakata, na miƙa hannu zan kashe allon, sai ya yi 'yar ƙara.

Ban iya buɗewa ba. Na ce, "Kawu, zo ka latsa."

Ya mayar da hannayensa biyu baya ya ce, "Ni? Har abada."

Alhaji ne ya matso ya latsa da yatsa ɗaya, kofinsa a ɗaya hannun. Ga tambarin asibitin, ga sunan mahaifiyata, ga ranar aiki. A ƙasa an nuna an aiko ta tun Litinin da safe. Kwana biyu tana zuwa tana komawa, tana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa, ba ta gaji ba. Muka tura ta Yamai nan take, ɗan gidan da suka sauka ya je ya buga ta a takarda. Da na kira mahaifiyata na ce ta iso, sai ta ce, "Na san za ta zo. Me ya sami muryarki, mura kike yi?" Na ce e, 'yar mura ce.

Da na koma Paris na yi kwana uku a kan ƙofa ɗaya tak. Na mayar da ita hanyar aiki. Na sa mata shafin da ke nuna wa mutum layin da zai goge, ya gaya masa a fili abin da zai tsaya in ya goge shi, sannan ya tambaye shi ko ya tabbata. Na kuma sa duk layin da aka goge ya fara zama a rumbu na wani lokaci, don a iya dawo da shi. Madam ta dawo daga hutu fatarta ta yi ja, ta karanta aikin daga farko har ƙarshe. Da ta gama ta ce, "Ashe rumbun yana da amfani." A wurinta wannan kirari ne.

Mahaifiyata ta iso lokacin da ganye ya fara canza launi. Aka yi aikin, aka dace. Ranar da aka cire bandeji ta daɗe tana kallon fuskata, ta ce na rame, kuma ɗankwalina bai dace da rigata ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Bayan mako biyu muka kai ta shago. Kawu ya riga ya ba ta labarin duka, da ƙari. Ta ce sai ta ga gidan nan da ya kusa hana ta zuwa. Aka zaunar da ita gaban allo, Kawu ya zama ɗan rakiya. Ita ba ta karanta boko, sai na buɗe mata kayena a gefe tana haɗawa da zanen. Ta gane zauren. Ta gane lemun tsamin, ta ce na sa shi a gefen da ba nasa ba. Kawu yana buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, tana cewa Allah ya sa albarka. Da suka iso ta ƙarshe ya tsaya, ya ɗauke hannunsa ya ce, "Wannan daga waje muke gaishe ta."

Na ce, "Buɗe, Kawu. Yanzu tana da ladabi."

Ya yi bismilla ya latsa, ido a runtse. Shafin ya fito da tambayarsa. Na fassara wa mahaifiyata: yana cewa in ka goge wannan, wasiƙunka za su daina zuwa, ka tabbata? Kawu ya sunkuya kusa da allon ya ce da ƙarfi, kamar mai magana da kurma, "Ban tabbata ba, na gode!" Mahaifiyata ta yi dariya har tana kare sabon idonta da tafin hannu. Da ta natsu ta dafa kaina ta ce, "Da haka kika yi tun farko. Wanda ya shigo gidanki don yana sonki, ai ko'ina zai leƙa."

Na yi shekaru yanzu ina wannan aiki, na rubuta hanyoyin da ban san adadinsu ba. A makaranta an koya mana mu gina shafi muna tunanin ɓarawo, mai neman ɓaraka ya shigo ya yi ɓarna, kuma gaskiya ne, akwai shi. Amma ba shi ne ya taɓa rushe mini aiki ba. Dattawa biyar ne da alwalarsu, suka zo da hannuwa a buɗe suna yi mini addu'a. Tun daga ranar, duk lokacin da zan rubuta hanyar da za ta goge wani abu, ba ɓarawon nake fara gani ba. Kawu nake gani, tabarau a kan hanci, yana bin ƙofofina a jere don kada ɗaya ta rasa albarka.

Kawu ya tsufa, ya bar shago, ya koma gida kusa da ƙanwarsa. Har yanzu in na gama sabon aiki nakan aika masa hotonsa a waya, shi kuma ya kira ya yi gaisuwarsa cikakkiya, har da tantabarun da na rabu da su tuntuni. In ya gama sai ya sassauta murya ya ce, "Uwata, wannan ɗin, in an taɓa yana tambaya?" In ce yana tambaya, Kawu. Sai ya ce, "To bari in kira mutane."